Me ya sa ƙwallon sabon ɗan golf ke kaucewa, kuma shawarar wa zai bi?

Duk wanda ya fara koyon golf, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu, kafin ya yi sati biyu zai tara shawarwarin da suka fi ƙarfin kansa. Na gefensa a filin atisaye zai ce masa kar ka ɗaga kai, wani ya ce miƙe hannun hagu kar ya lanƙwashe, ya koma gida ya buɗe YouTube ya tarar da koci yana cewa a kai nauyi kan ƙafar baya, bidiyo na gaba kuma wani kocin yana rantsuwa cewa kai nauyi baya shi ke kashe 'yan koyo, kuma kowannensu yana da ɗaliban da suka ci gasa. Sai mutum ya rasa na kamawa. Yau ya buga goma masu kyau ya ce shikenan na gano, gobe ya dawo ƙwallon ko tashi daga ƙasa ta ƙi.

Ruɗanin nan yana da tushe. Wani ɓangare na abin da aka daɗe ana koyarwa ya canza tun da na'urorin auna bugu suka shigo wasan, amma tsohuwar koyarwar ba ta mutu ba, tana nan a bakin mutane, sabuwar kuma ta zo ta zauna a kanta. Duk bayanin da ke ƙasa na mai buga wasa da dama ne, bahago sai ya juya komai.

Kalmomin da ya kamata a fara rabewa

Suwin shi ne kaɗa sandar gaba ɗaya, tun daga ɗaga ta baya, da saukowa, da haɗuwarta da ƙwallo, har zuwa ƙarasawa inda mutum ke tsayawa yana fuskantar inda ya nufa. Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna 14, ba fiye ba. Mafi tsawo ita ce direba (sunan sanda ne, ba mai tuƙi ba), tsawonta wajen inci 45, da ita ake fara yawancin ramuka masu nisa, ƙwallon na bisa ɗan turken da ake kira ti. Sai ƙarafa masu lamba, ayan kenan, wanda lamba 7 ita ce aka fi ba ɗan koyo, tsawonta wajen inci 37. Sai weji na bugun kusa da na fita daga yashi, sai fota ta gangara ƙwallo zuwa rami a kan lallausar ciyawar da ake kira girin.

Abubuwa biyu kuma dole a raba su tun yanzu, don kusan duk rigimar a kansu take. Akwai fuskar sanda, wato inda gaban kan sandar yake kallo a daidai lokacin da ya taɓa ƙwallo. Akwai kuma hanyar sanda, wato ɓangaren da kan sandar yake tafiya a wannan lokacin, ko yana yankowa daga waje zuwa hagu, ko yana fita daga ciki zuwa dama. Mutum zai iya kallon gabas alhali ƙafarsa na tafiya kudu maso gabas, to haka sanda ma take yi.

Silais shi ne ƙwallon da ke lanƙwasawa dama sosai a sama, ita ce cutar da ta fi kama 'yan koyo. Huk kuma kishiyarta ce, mai lanƙwasawa hagu.

Abin da ƙwallon ta sani

Sanda da ƙwallo suna haɗuwa ne na kusan rabin kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan. Cikin wannan ɗan lokacin ake yanke hukuncin komai, kuma ƙwallon ba ta san yanda ka tsaya ba, ba ta san ko hannunka ya miƙe ko bai miƙe ba, abin da ya iso gare ta kawai shi ne inda fuska ke kallo, hanyar da sanda ta bi, gudunta, ko tana sauka ne ko tana hawa, da kuma wurin da ta taɓa a jikin fuskar.

Shekaru da yawa abin da ake koyarwa shi ne ƙwallo tana tashi ne ta bin hanyar sanda, sannan ta lanƙwasa ta koma inda fuska ke kallo. Masana kimiyyar fiziks sun daɗe da nuna cewa lissafin bai tafi haka ba, amma maganar ba ta shiga filin wasa sosai ba sai da na'urori irin su TrackMan, wani kamfanin Denmark da aka kafa a 2003 wanda ke amfani da rada, suka fara nuna lambobi a gaban koci da ɗalibi. Abin da suka nuna shi ne fuska ce ke da kaso mafi girma a inda ƙwallo ke fara nufa, da direba ma ya kai wajen kashi 85 cikin 100, lanƙwasar kuma tana zuwa ne daga bambancin da ke tsakanin fuska da hanya.

Bambancin koyarwar biyu ba ƙarami ba ne in aka zo gyara. Ɗauki mutumin da ƙwallonsa ke tashi tsaye cak zuwa tutar da ke alamta rami, sai ta yi rabin tafiya ta fara karkata dama har ta faɗa cikin itatuwa. A tsohon lissafi za a ce masa hanyarka lafiya lau, fuska kawai za ka rufe, wato ka juyo ta hagu. In ya rufe fuskar, ƙwallon sai ta miƙe hagu ɗoɗar ta faɗa wancan dajin, an gudu ba a tsira ba. A sabon lissafi kuwa, tunda ta tashi tsaye to fuskar tana kusa da daidai, hanyar ce ta yanko hagu da yawa, ita za a fara duba.

Akwai kuma tarkon da kusan kowane mai silais ke faɗawa. Ya ga ƙwallonsa kullum dama take ƙarewa, sai hankali ya ba shi ya juya jiki ya nufi hagu don ya rama. Juyawar nan tana ƙara tura hanyar sanda hagu, tazarar da ke tsakaninta da fuska ta ƙaru, lanƙwasar ta ƙaru, shi kuma ya ƙara juyawa hagu, haka dai har ya zama yana tsayawa kaman zai buga wa ramin maƙwabta. Mutum zai iya shekara a cikin wannan zagayen yana zaton ƙarfi ne bai isa ba.

Me ya sa abin ya fi muni da direba? Fuskarta ba ta kwanta baya sosai ba, yawanci digiri 9 zuwa 12 ne, ayan 7 kuma yana wajen 30 zuwa 34. Duk sandar da fuskarta ta fi miƙewa, ƙaramin kuskure ya fi karkatar da jujjuyawar ƙwallo gefe, ga tsawo ga gudu da ke ƙara faɗin ɓarnar. Shi ya sa za ka ga ɗan koyo yana buga weji lafiya amma da ya ɗauko direba sai ka ce wani mutum ne daban. Sannan wurin taɓawa ma yana da nasa aikin, a direba in ƙwallo ta bugi gindin fuska kusa da mariƙi tana son karkata dama, in ta bugi can ƙarshen tana son karkata hagu, ko da fuska da hanya suna daidai. Gane wannan ba ya buƙatar na'ura, hodar feshi ta ƙafa ko tawadar maka mai gogewa a kan fuskar sanda ta isa, ka buga biyar ka duba inda tambarin ƙwallon ya fito. Da yawa suna mamakin ganin tamburan a warwatse daga wannan gefe zuwa wancan.

Inda sanda ke taɓa ƙasa

Kafin ma a zo maganar dama da hagu, matsalar farko ta ɗan koyo ita ce taɓa ƙwallon da kyau. Ko dai sandar ta nutse a ƙasa kafin ta iso, ciyawa ta tashi ƙwallon ta yi tsalle taku goma, ko kuma ta shafi saman ƙwallon ta tafi tana birgima kaman an harba ta da ƙafa. Kurakuran biyu sun yi kama da kishiyoyi amma uwarsu ɗaya.

Kan sanda da'ira yake zanawa, kowace da'ira kuma tana da wurin da ta fi kusa da ƙasa. Da ayan, ƙwararru suna sa wannan wurin ya faɗo gaban ƙwallo, ma'ana sanda tana cikin saukowa take bugun ƙwallon, sannan ta ɓantari ciyawa bayan ƙwallon ta riga ta tafi. In ka duba inda ƙwararre ya buga za ka ga ramin ciyawar ya fara ne daga inda ƙwallon take ya yi gaba. Ɗan koyo kuwa zuciyarsa na gaya masa sai ya taimaka wa ƙwallon ta tashi, sai ya jingina baya ya yi ƙoƙarin kwasota daga ƙasa da wuyan hannu, ƙasan da'irar ya koma bayan ƙwallo. In ya yi ƙasa sosai ya sari ƙasa, in jiki ya ji tsoron sarar ƙasa ya ɗan janye hannu sai sandar ta riski ƙwallon tana hawa ta shafi samanta. Ɗaga ƙwallo aikin kwanciyar fuskar sanda ne, an riga an ƙera shi a jikinta.

A nan ne maganar “ka ɗaga kai” ta samo asali. Ana ganin ƙwallo ta yi birgima sai a ce ya ɗaga kai, alhali in aka ɗauki bidiyo sau da yawa kan yana nan a sunkuye, nauyi ne ya maƙale a ƙafar baya ko gwiwar hannu ta lanƙwashe. Masu kare shawarar suna da hujja, ɗan koyo da kansa ke yawo dama da hagu ba zai taɓa samun wurin taɓawa guda ba, Jack Nicklaus ma ya sha ba da labarin yanda malaminsa ya matsa masa kan tsayar da kai tun yana yaro. Masu sukarta kuma suna nuna Annika Sorenstam da David Duval, dukansu sun taɓa zama na ɗaya a duniya, kuma dukansu kansu yana juyawa ya bi ƙwallo tun kafin sanda ta gama taɓa ta. Abin da ɓangarorin biyu za su yarda a kai shi ne kai kar ya yi lilo gefe, amma danne haɓa a ƙirji har bayan bugu yana hana jiki juyawa, kuma wuya da baya ne ke biyan kuɗin.

Gwajin da kociyoyi da yawa ke bayarwa mai sauƙi ne. A ja layi a ƙasa, a tsaya yanda layin zai zama a tsakiyar ƙafafu, a yi ta kaɗa sanda babu ƙwallo ana duba ko ta taɓa ƙasa a kan layin ko gabansa. Wasu kuma tawul suke shimfiɗawa kaman tafin hannu ɗaya a bayan ƙwallo, in sandar ta kwashi tawul ka san amsar ba sai an gaya maka ba. Direba ce kawai ta fita daban, tunda ƙwallon na kan ti ana matsar da ita gaba daidai diddigen hagu don sanda ta same ta a kwance ko tana ɗan hawa.

Riƙo da tsayuwa

Riƙo iri uku ne aka sani. Akwai wanda ƙaramin yatsan dama ke hawa kan yatsun hagu, ana danganta shi da Harry Vardon wanda ya ci gasar Open sau 6. Akwai wanda yatsun ke sarƙewa, irin na Nicklaus da Tiger Woods, masu manyan kofuna 18 da 15. Akwai kuma na yatsu goma duka a kan sanda, wanda yara da masu ƙaramin hannu suka fi jin daɗi. Zaɓi tsakanin ukun bai cika canza komai ba. Abin da ke canza tafiyar ƙwallo shi ne yanda hannun ya juya a kan mariƙin, in ɗan wasa ya duba hannunsa na hagu bai ga ƙullin yatsa ko ɗaya ba ko ya ga ɗaya tak, fuska za ta so buɗewa, wato ta kalli dama, in yana ganin biyu zuwa uku ta fi saurin rufewa. Yawancin masu silais suna cikin rukunin farko, kuma sun riƙe sandar a tsakiyar tafi maimakon a yatsu.

Tsayuwa ba a cika jayayya a kanta ba, ƙafafu kaman faɗin kafaɗa, a sunkuya daga ƙugu, gwiwa ta ɗan saki, hannaye su rataya. Saiti, wato daidaita jiki da inda aka nufa, shi ne ake rainawa. Ido yana yaudara in mutum na tsaye a gefen ƙwallo, sanda ɗaya a kwance a ƙasa tana nuna inda aka nufa tana warware abin da wani zai yi wata yana nema a cikin suwin ɗinsa.

Makarantun da ke jayayya

A 1957 Ben Hogan ya fitar da littafinsa na darussa biyar, wanda har yau ana karantawa. Sai dai Hogan ya yi shekaru yana fama da huk ne, abubuwa da dama da ya koyar maganin huk ne, mai silais da ya kwafe su gaba ɗaya zai iya ƙara wa kansa ciwo. Wannan ita ce matsalar yawancin shawarwarin intanet ma, kowace shawara magani ce ta wata cuta, mai bidiyon kuma bai ga taka ba.

Koyarwar da aka fi sabawa da ita tana cewa a kai nauyi ƙafar dama lokacin ɗagawa, a dawo da shi hagu lokacin saukowa, don a samu ƙarfi. Wajen 2007 Mike Bennett da Andy Plummer suka yi suna da wani tsari mai cewa a bar nauyin a hagu tun farko, hujjarsu ita ce ɗan koyo yana iya tafiya baya amma dawowa ke gagararsa, to me ya kai shi tafiyar? Masu suka suka ce tsarin yana gyara ayan amma yana wahalar da direba ga wasu. Na'urorin da ke auna matsin ƙafa a ƙasa daga baya sun nuna ƙwararru da yawa suna danna ƙafar dama da wuri sannan su koma hagu tun kafin sanda ta gama hawa, ba tare da jiki ya yi lilo sosai ba, wato kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiyar.

Akwai kuma masu ganin a rage gaɓoɓin da ke motsi. Moe Norman ɗan Kanada ya shahara da miƙa hannaye da sanda a layi ɗaya tun daga tsayuwa, Bryson DeChambeau kuma ya sa an yanka masa ayan ɗinsa duka tsawo ɗaya don tsayuwarsa kar ta canza, ya ci US Open a 2020 da 2024.

Sai waɗanda in aka bi littafi da an ce duk sun yi kuskure. Jim Furyk yana ɗaga sanda ta waje ya zagayo da ita kaman yana zana madauki, amma ya ci US Open a 2003 kuma ya gama zagaye ɗaya, wato ramuka 18, da bugu 58 kacal a 2016. Jon Rahm ɗagawarsa gajeriya ce saboda an haife shi da matsala a ƙafar dama, idon sawun ba ya lanƙwasawa sosai. Scottie Scheffler ƙafafunsa zamewa suke yi lokacin bugu. Ɗagawarsu ba ta kama da juna ko kaɗan, amma in aka tsayar da bidiyo daf da taɓa ƙwallo da ayan sai ka ga sun yi kama, nauyi a hagu, ƙugu ya buɗe, hannaye sun ɗan riga kan sanda. Jerin motsin ma ɗaya ne, ƙugu ke fara saukowa, ƙirji ya biyo, sai hannaye, sanda a ƙarshe, irin yanda mai jifa da dutse ke taka ƙafa kafin hannu ya wuce. Ɗan koyo yakan fara da kafaɗa da hannu kaman mai sara da gatari, daga nan hanyar da ke yanko hagu take fitowa.

Yanda ake atisaye ma ana saɓani a kai

Saukowar sanda daga sama zuwa ƙwallo wajen rubu'in sakan take ɗauka, ɗagawa kuma kusan ninki uku na haka a wurin ƙwararru da yawa. Rubu'in sakan bai isa ƙwaƙwalwa ta ba da umarni biyar jiki ya bi ba, shi ya sa mai tsayawa kan ƙwallo yana lissafin gwiwar hannu da ƙugu da haɓa a lokaci ɗaya yake sandarewa. Gabriele Wulf, wata mai bincike kan yanda jiki ke koyon motsi, ta yi gwaje-gwaje da dama har da na golf da suka nuna mutane sun fi koyo in hankalinsu na kan abin da ke wajen jiki, kaman kan sanda ko inda ake so ƙwallo ta sauka, fiye da in yana kan gaɓoɓinsu. Wasu kociyoyi suna cewa wannan gaskiya ne amma wanda bai taɓa riƙe sanda ba dole a fara gaya masa inda zai sa hannu, kuma binciken ma bai hana hakan ba.

Saɓani na biyu a kan maimaitawa ne. Ɗan koyo ya karɓi kwandon ƙwallo 100, ya tsaya wuri ɗaya da ayan 7, yana jawo ɗaya bayan ɗaya ko numfashi ba ya yi, zuwa ta 40 ya kama zare suna tafiya gwanin sha'awa. Ranar wasa kuma babu bugu biyu iri ɗaya a jere, direba yanzu, a yi tafiya minti biyar, sai ayan daga gangare, sai weji daga doguwar ciyawa, kuma kowanne dama ɗaya ce. Tun binciken Shea da Morgan na 1979 masana suka lura cewa atisayen da ake cakuɗa ayyuka ya fi muni a ranar da ake yinsa amma ya fi zama a jiki daga baya. Masu goyon bayan maimaitawa kuma suna cewa sabon motsi sai an yi ta nanata shi kafin a cakuɗa. Kociyoyi da yawa suna haɗa biyun, kashi na farko a nanata abu guda a hankali, kashi na biyu a canza sanda da inda aka nufa a kowane bugu. Tabarmar roba ta filin atisaye ma tana ɓoye laifi, sanda in ta sari bayan ƙwallo sai ta zame ta same ta, a ciyawa ta gaske da nutsewa za ta yi.

Duk gyara kuma sai ya fara ɓata wasa kafin ya gyara shi. Tiger Woods ya ci Masters a 1997 da tazarar bugu 12, ya koma wurin kocinsa Butch Harmon suka sake fasalin suwin ɗin, a 1998 gasa ɗaya tak ya ci a PGA Tour, jerin gasannin ƙwararru na Amurka, sai a 2000 ya ci US Open da tazarar 15. Ɗan koyo da ya canza riƙo ranar Asabar ya watsar ranar Lahadi saboda abin ya yi masa baƙo a hannu bai ba gyaran lokacin da zai nuna kansa ba.

Me ake nufi da daidaito, kuma me hakan zai canza wa mai koyo

Da yawa suna ɗauka daidaito shi ne kowace ƙwallo ta tafi tsaye. A PGA Tour, inda mafi ƙwarewar 'yan wasa suke, matsakaicin ɗan wasa yana sauke bugun farko a kan gyararriyar hanya wajen sau 6 cikin 10 ne, yana hawa girin a adadin bugun da ake so wajen kashi biyu cikin uku, daga nisan ƙafa 8 zuwa rami kuma kusan rabin bugun fota ne ke shiga. Abin da ya raba su da sauran mutane shi ne kuskurensu ƙarami ne kuma sun san ɓangaren da yake zuwa. Mai koyo da ƙwallonsa kullum ke ɗan karkata dama taku goma yana da abin da zai yi wasa da shi, wanda bai san ko dama ko hagu za ta ba shi ne ke cikin wahala.

Doka ma tana hukunta babban kuskure fiye da ƙarami. Tun 2019 minti 3 kawai ake ba mutum ya nemi ƙwallonsa, a da minti 5 ne, in ta ɓata ko ta fita iyaka sai ya ƙara bugu ɗaya na tara ya koma inda ya buga, kusan asarar bugu biyu kenan. Silais uku cikin daji a zagaye ɗaya sun ci bugu 6. Don haka kociyoyi da yawa ke ce wa ɗan koyo ya fara da sandar da fuskarta ta fi kwanciya daga kan ti, ya kuma buga daga wurin farawa mafi kusa da rami, duk da wasu na ganin guje wa direba jinkirta koyonta ne kawai.

A kan inda za a zuba lokaci ma ra'ayi biyu ne. Tsohon ra'ayi ya ce fota da bugun kusa su ne wasan. Mark Broadie na jami'ar Columbia, wanda PGA Tour ta fara amfani da lissafinsa a 2011, ya nuna wajen kashi biyu cikin uku na bambancin maki tsakanin 'yan wasa daga dogayen bugu yake fitowa. Masu tsohon ra'ayin suna amsawa da cewa bugun kusa ya fi saurin gyaruwa, mutum zai iya rage yawan buga fota sau uku a rami cikin 'yan makonni, dogon bugu kuwa sai an yi watanni. Ƙaramin bugun weji daga ƙugu zuwa ƙugu yana amfanar ɓangarorin biyu, tunda shi ne tsakiyar cikakken suwin, kuma a nan ake koyon taɓa ƙwallo kafin ƙasa.

Handikaf shi ne rangwamen bugu da ake ba ɗan wasa gwargwadon ƙwarewarsa. Tsarin handikaf na duniya da R&A da USGA, hukumomin da ke kula da dokokin golf, suka ƙaddamar a 2020 ya kai iyakar handikaf zuwa 54, ma'ana ɗan koyo zai iya samun rangwamen kusan bugu 3 a kowane rami cikin 18 ya yi gasa da wanda ya fi shi nesa ba kusa ba. Kuma lissafin yana ɗaukar zagaye 8 mafi kyau ne cikin 20 na ƙarshe, sauran 12 ɗin ba sa shiga.

Sai batun jiki da aljihu. Ciwon ƙasan baya da na gwiwar hannu su ne suka fi damun masu wasan sha'awa, kuma sukan biyo bayan ƙwallo ɗaruruwa a kan tabarma mai tauri ba tare da ɗumama jiki ba. Sabuwar direba mai yafiya tana rage ɓarnar bugun da bai sami tsakiya ba amma ba ta juya hanyar sanda. Darasi ɗaya ko biyu wurin koci da zai kalli naka bugun, ko wayar da aka jingina daidai tsayin hannu a bayanka tana kallon inda ka nufa, sukan nuna ko matsalar fuska ce, ko hanya, ko wurin taɓa ƙasa, daga nan ne mutum zai san cikin bidiyoyin nan ɗari wanne ne yake magana da shi.